Milimita Tara a Kashegarin Layya

“Nawa kac ce, Baba?”

“Ishirin da biyu,” in ji Malam Gado, yana riƙe da kwalbar awon ruwa dab da fuskarsa. “Ruwan shuka na.”

Hindatu, autarsa, ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta wajen haske. Ruwan da ya sauka da asuba ya tsaya a kan layi na tara. Ta girgiza, ta bari ya kwanta, ta sake dubawa, bai ƙaru da ɗigo ba. Ta faɗa masa a hankali. Sai ya yi dariya, ya ce mutanen Yamai sun saba da ruwan famfo, ina za su iya karanta na sama. Ya karɓe kwalbarsa ya nufi zaure yana lalubar bango da hannu guda. Shekaranjiya da suka iso daga Yamai ita da mijinta Mahfuzu don yin Sallar layya a gida, ta ga wannan lalube, ta ɗauka ciwon gwiwa ne.

Shekara talatin da ɗaya Malam Gado ya yi yana malamin gona, daga Buza zuwa Kaita, kafin ya aje aiki ya dawo Tamaske. Babur ɗin aiki ya koma ma ma'aikata, ofis ya koma hannun wani, amma ma'aunin ruwan nasa ne na kansa, ya kafa shi a tsakar gida kan guntun ƙarfe, nesa da inuwar dogon yaro. Duk safiyar da aka yi ruwa, manoman unguwa sukan taru a ƙofar gidansa su ji nawa aka samu. In ya kai ashirin, a ɗauki sungumi a fita shuka. In bai kai ba, a dakata. Shi ya koya masu haka, kuma ya sha faɗa da su kafin su yarda.

Hindatu ta sami mahaifiyarta Kadijatu a bakin murhu. Ragon da aka gicciye jiya a gefen wuta ya sha iska, an sauke shi, Kadijatu tana yankawa tana ware kason maƙwabta a faranti-faranti, kitse na ƙara a cikin tukunya. Hindatu ta durƙusa kusa da ita ta faɗi abin da ta gani. Wuƙar ta tsaya.

Kadijatu ba ta yi musu ba. Ta ce tun bara hazo ya fara rufe masa ido, yanzu layukan kwalbar sun ɓace masa ɗungum. Da kunne yake awo: yakan kwanta yana sauraren ruwa a kan kwano, ya ƙiyasta, da safe ya ɗaga kwalbar don mutane su gani. Sau da yawa yakan dace. Amma sati uku da suka wuce an yi ruwa mai iska da ƙara, ya ce ashirin da biyar ne, rabin unguwa suka fita suka shuka. Hatsin ya tsiro, rana ta ƙone shi cikin kwana takwas. Mutane suka ce haka Allah ya so, ba wanda ya tuhumi kwalba.

“Kin sani, Inna, kinka yi shiru?”

“Ni ban iya karatun boko ba, balle in gyara mishi. Kuma in na hwaɗi, mi za ya tada shi da sahe?”

Ta ci gaba da yanka, tana magana kamar da naman take yi. Ta ce a shekarar farko da ya aje aiki, yakan yi wanka ya sa riga mai guga ya zauna a zaure har azahar, ba mai sallama. Ta ga mutum yana raguwa a gabanta kamar sabulu a ruwa. Ranar da ya kafa ƙarfen nan ne ya fara neman ƙarin tuwo. Ta kuma ce, da ɗan murmushi, ai da irin wannan kwalbar ta fara ganinsa a Allakaye, saurayi siriri a kan babur, ya zo kafa ma'auni a gidan maigari, ya roƙi ruwan sha sau uku alhali ba ƙishirwa yake ji ba.

Hindatu ta ji hawaye sun taru mata, ta ɗora laifin a kan hayaƙi. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne irin da ya rage. Wanda shukarsa ta ƙone sau ɗaya, abin da ke hannunsa yanzu shi ne na ƙarshe. In suka ji ashirin da biyu yau, kafin la'asar sun zuba shi a ƙasa.

Mahfuzu, da ke gefe yana wasa wuƙa, ya kawo shawara cikin ladabi irin na suruki. Ya ce abin mai sauƙi ne: a lallaɓa Baba ya ce tara, shi ke nan, ba sai kowa ya ji zancen ido ba. Hindatu ta tambaye shi wa zai karanta na jibi, tunda gobe Litinin motar safe za su bi. Sai ya koma ga wuƙarsa.

Ba ta sami mahaifinta a zaure ba. Ta bi ta ƙofar baya, ta hango shi a 'yar gonar da ke bayan gida, inda ƙasa ke gangarawa wajen duwatsu, tsugune da sabuwar shaddarsa ta Sallah. Ya naɗe hannun riga yana tona ƙasa da yatsu. Ta tsaya a bayansa. Sama-sama ƙasar ta yi duhu da laima, tana ƙamshin nan da ke sa ɗan Adar ya manta wahalar rani. Amma kafin yatsun su nutse gaɓa biyu, sai ga busasshen rairayi fari yana zubowa.

Ya daɗe yana murza shi a tafin hannu. Bai juyo ba ya ce haka mahaifinsa yake yi, sai laima ta kai tsintsiyar hannu yake taɓa iri. Ya ce shi kuwa da ya dawo daga makarantar aikin gona, ya tsaya a gaban tsohon da sauran dattawa ya ce masu hannu yana ƙarya, kwalba ba ta yi.

“Tara kinka ce?”

“Tara, Baba.”

“Na san ba ki ƙarya. Tun ɗazu na sani. Waccan ta sati uku, Mutari taubashina tiya shidda ta iri yaz zuba. Ya zo nan yana ba ni haƙuri, wai kar in damu, ruwa na sunka yaudare mu duka.”

Hindatu ta tsuguna gefensa, ba ta kula da lallen ƙafarta ba. Ta gaya masa yanar ido ce, ana cirewa, surukar maƙwabciyarta an yi mata har tana zura zare a allura. Ya ce ya ji ana faɗi. Ba wuƙar likita yake tsoro ba. Abin da yake gudu shi ne ya bar gari a bakin damina, ya dawo ya tarar mutane sun gane suna iya shuka ba tare da shi ba. Ita ma ta san hakan na iya faruwa. Sai ta kama hannunsa ta kakkaɓe masa ƙasar, ya bar ta ta yi.

Daga ƙofar gida suka jiyo sallama. Ya miƙe da kansa, ya ƙi ta riƙe shi.

Mutum bakwai ne a zaure, sun zo barka da Sallah, amma biyu daga cikinsu da sungumi a kafaɗa. Mutari, taubashinsa, wanda ba ya ganinsa bai tsokane shi ba, ya riga kowa magana, da laƙabin da ya sa masa na “Mushe”, wato yallaɓai a Faransanci.

“Mushe Milimita, ka ci nama ka ƙoshi har ka manta da talakawa? Hwaɗa muna, mu tai gona ko mu koma ma kan rago?”

Aka yi dariya. Malam Gado ya bi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, yana gane kowa da muryarsa. Kadijatu ta zo da farantin nama ta tsaya a bayan labule, Hindatu na gefenta tana jin numfashinta. Ya ɗauko kwalbar daga kan taga, bai ɗaga ta sama ba wannan karon, ya ajiye ta a tabarma a tsakiyarsu.

Ya ce tara ne, kada kowa ya taɓa iri. Ya ce ba shi ya karanta ba, ɗiyarsa ce, domin shi shekara guda ke nan ba ya ganin layukan. Sannan ya juya inda muryar Mutari take, ya ce ashirin da biyar ɗin nan da ta ƙone masu hatsi, daga bakinsa ta fito, ba daga kwalba ba, kuma yana neman gafararsu.

Wani ya sauke sungumi ya jingina da bango. Mutari ya dubi ƙasa ya daɗe, ya shafa gemu, da ya ɗago babu wasa a fuskarsa. Ya tambaya a hankali, to yanzu yaya za a yi.

“Gobe da sahe ina bin Hindatu Yamai a yi mini aikin ido,” in ji Malam Gado. “In anka yi ruwa ban dawo ba, kowa shi tona gonatai da hannu. In laima ba ta kai tsintsiya ba, kar ku shuka.”