Tef a Injin Kilishi

Duk wanda ya taɓa zama teburi ɗaya da Royce Tidwell a garin Llano na jihar Texas ya ji labarin kujerar nan. Wasu ma sun ji shi har suna gyara masa in ya tsallake wani wuri. A shekarar 1975, in ji Royce, wani kamfanin faifai a Nashville ya ɗauke shi yana ɗan shekara ashirin da biyu. Da aka shiga situdiyo sai furodusa ya ce sai ya aske gashinsa, kuma sai an zuba masa masu goge goma sha biyu a bayan muryarsa don ta yi laushi. Royce ya ɗauki kujera ya rotsa ta a jikin gilashi, ya saɓi jitarsa, ya kamo hanyar Texas ko waiwaye babu. A kan kujerar nan ya gina komai nasa: gemu, baƙar hula, faifai tara, da sunan da 'yan jarida suka liƙa wa shi da ire-irensa, wato 'yan tawayen waƙar kantiri, waƙar karkarar Amurka. Da ita ma ya samu matarsa Nadine, don labarin da ya fara ba ta ke nan ranar da suka haɗu a zauren rawa.

To, ba a rotsa wata kujera ba. Royce kaɗai ya san haka a duniya, domin furodusan, Hollis Pruitt, ya daɗe da kwanta dama, kamfanin kuwa ya riga shi mutuwa.

Ana nan, ranar wata Talata da hantsi, wata mata ta faka motar kaya a ƙofar gidan, ta shigo rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri. Corinne Vasek sunanta. Tana da ɗan ƙaramin kamfani a Austin, aikinta tono tsofaffin waƙoƙi ta sake fitar da su a sabon faifai.

"Mista Tidwell, ka san abin da ke cikin kwalin nan?"

"In ba abin ci ba ne, ajiye shi a waje."

Ta buɗe. Wani ƙaton tef ne mai faɗin tafin hannu, naɗe a faifan ƙarfe, an rubuta a jiki: R. Tidwell, Maris 1975. Ta ce 'yar Pruitt ce ta same shi lokacin da take kwashe kayan ɗakin ajiyar mahaifinta.

"Ga daɗin abin," in ji Corinne. "Pruitt ba ya tsayar da tef tsakanin ɗauka da ɗauka. Ɗabi'arsa ce, in ya kunna ya kunna ke nan sai an tashi. Tari, musu, zagi, komai yana ciki. Mista Tidwell, kujerar tana ciki! Da ita zan buɗe faifan."

Nadine ta fito daga kicin tana goge hannu. "Kai, madalla! Shekara arba'in da shida ina jin kujerar nan a bakinka, yau dai zan ji ta da kunnena."

Royce ya ƙura wa kwalin ido. Ba 'yan jarida yake tsoro ba, waɗannan sun sha rubuta masa abin da ya fi haka. Nadine yake tsoro. Ɗan tawaye ta aura, kuma shi ya san wanda ke cikin kwalin nan ba ɗan tawaye ba ne.

"Tef mai shekara kusan hamsin," ya ce yana shafa gemu. "Ai ya ruɓe, baiwar Allah. Kin sha wahalar hanya a banza."

"Ya yi danƙo dai. In an sa shi a na'ura yanzu, murya za ta saɓule ta manne a ƙarfe. Gasa shi ake yi tukuna, awa takwas a wuta mai sanyi, ya kwana ya huce, da safe sai a ji. Na zo da na'urar a mota. Injin gasawar ne ban ɗauko ba, don na san babu gidan da ba shi da injin busar da nama a Llano."

"Akwai har biyu," in ji Nadine. "Wannan tsohon ya fi iya kilishin barewa a kan waƙa."

Haka aka yi. Aka wanke injin tas, aka kwantar da muryar Royce ta ƙuruciya a kan ragar da ya busar da naman barewa makon jiya. Corinne ta murɗa maɓallin zafi zuwa ɗari da talatin a ma'aunin Amurka, ta ɗaga masa yatsa.

"Ɗari da talatin, Mista Tidwell. In ya kai ɗari da sittin ya daɗe, tef ya zama cingam."

Da ma ba ta faɗa ba. Tun daga wannan lokaci Royce bai ƙara ganin komai a rumfar kayan aikinsa ba sai maɓallin nan.

Da rana ta take, ya zama mai karamcin da ba a san shi da shi ba. Ya ce bai kamata baƙuwa ta zo Llano ta koma ba ta ci gasasshen naman ƙirjin shanu na cikin gari ba, Nadine ta kai ta, shi zai yi gadin wuta. Nadine ta yi masa wani kallo, amma ta ɗauki makullin mota.

Ya rage daga shi sai Gwamna, tsohon karensa. Royce ya zaga injin sau biyu. Ya leƙa titi. Sannan ya sa yatsa ya murɗa maɓallin har ƙarshe.

"Kada ka kalle ni haka," ya ce wa karen. "Tsohon inji ne, kowa ya san yana tashi da kansa."

Ya koma ya zauna a kan bokiti. Yana jin fankar injin tana hura zafi, sai wani tunani ya faɗo masa wanda bai gayyata ba. Bai taɓa jin tef ɗin nan ba. Faifansa na farko da duniya ta sani, ya yi shi ne bayan shekara huɗu na shan taba da ihu a mashaya, murya ta riga ta zama tsakuwa. Ainihin muryar da ya tashi da ita, wadda ya yi waƙar coci da ita har tsofaffi suna share hawaye, babu ita ko'ina sai a kan ragar kilishin nan. Kuma ga ta can tana dahuwa.

Kada wani ya ce tsoron Allah ne ya tashe shi, son kai ne irin na mawaƙa. Mawaƙi ya gwammace a kunyata shi a kasuwa da a ce waƙarsa ta ɓata. Royce ya zabura da gwiwarsa mai ciwo, ya yi fatali da bokitin, ya mayar da maɓallin, ya buɗe ƙofar injin yana fifita tef ɗin da hularsa yana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri." Minti uku ne duka-duka, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Da yamma suna cin wake da burodin masara, ya gwada share fage.

"Nadine, kujerar nan fa, ba wata babba ba ce."

"To."

"Ƙarama ce. Ba lallai ta yi ƙara sosai ba."

"Gilashin ai zai yi."

"Gilashin situdiyo ne, ba ya ƙara. Don haka ma ake sa shi."

"Ci abincinka, Royce."

Washegari da safe Corinne ta kafa na'urarta a falo, ta zarga tef ɗin a hankali, ta danna. Aka ji shuuu, sai muryar wani dattijo: "Tidwell, ɗauka ta ɗaya."

Sai wata siririyar murya ta amsa, mai ladabi kamar ta ɗan makarantar Lahadi. "To, yallaɓai. Na gode, yallaɓai. A nan zan tsaya, yallaɓai?"

Nadine ta waiga. "Wane ne wannan kuma?"

Royce ya ƙura wa takalminsa ido.

"Gashin nan naka fa?" in ji Pruitt a cikin tef.

"Yau zan aske, yallaɓai. Mama ma ta ce in aske kafin in taho."

"Ka ga masu gogenka can?"

"Duk nawa ne, yallaɓai? Kai! Allah ya saka da alheri. Sannunku, sannunku da zuwa."

Corinne ta toshe baki da hannu. Nadine ba ta motsa ba, kuma wannan ya fi komai tayar wa Royce hankali.

Sai jita ta shigo, yaron ya fara waƙa. Waƙa ce a kan kogin garinsu lokacin fari, da wata mata da ke shanya a bayan gida tana duban hanya. Muryar ta tashi garau, babu tsakuwa ko ɗaya, ta hau sama ba tare da ta nemi tsani ba. Royce ya ɗago kai. Ashe ya iya. Shekara da shekaru yana cika baki cewa ya iya, bai taɓa sanin gaskiya yake faɗa ba.

Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu, daidai wurin shanyar, muryar ta karye.

"Yi haƙuri, yallaɓai."

"Ba komai. Ɗauka ta biyu."

Ta biyu ma a nan ta karye. Ta uku, ta huɗu, duk a wurin shanya. A ta tara kuwa yaron ya daina ɓoyewa, ya fashe da kuka sosai a gaban makirufo, irin kukan da ke zuwa da majina. Aka ji takun Pruitt yana fitowa daga ɗakin gilashin da yake ɗaukar murya a ciki. Aka ji ya jawo wani abu a ƙasa, ƙiii.

"Zauna, ɗana."

Nadine ta ce, ba tare da ta kalli mijinta ba, "Ita ce kujerar?"

"Ita ce," in ji Royce.

"Me ke damunka, ɗana?" in ji Pruitt.

"Gida nake so, yallaɓai. Ban taɓa kwana uku nesa da gida ba. Abincin garin nan ma ban gane masa ba."

"To je ka gida. Ka ci girkin mamarka, ka huta. Muryar nan ba gudu za ta yi ba. Ranar da ka shirya, ƙofata a buɗe take."

Tef ya ƙare, jelarsa tana faɗa-faɗa a jikin na'ura. Kunya ta lulluɓe Royce har wuya. Wannan ne mutumin da ya yi shekara arba'in da takwas yana zagi a kan dandamali, jama'a suna tafi.

Nadine ta tashi ta shige kicin.

Corinne ta yi gyaran murya. "Mista Tidwell, ina iya yankewa. In haɗa baitin farko da kiɗan, in zubar da maganganun. Ba wanda zai sani."

Royce ya tashi ya bi matarsa. Ya same ta a gaban wurin wanke-wanke ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ya ɗauka kuka take yi.

"Nadine, ƙarya na yi miki. Tun ranar farko. Na dawo gida a bas ina kuka, samarin gari suka tambaye ni me ya faru, kujerar ta fito daga bakina, daga nan kuma na kasa mayar da ita."

Ta juyo. Dariya take yi, har numfashinta yana sarƙewa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Abincin garin nan," ta ce da ƙyar, "ban gane masa ba! Wayyo cikina. Sannunku da zuwa! Royce, masu gogen ka yi wa sannu da zuwa!"

"Goma sha biyu ne fa, kuma duk sun girme ni."

Ta sake kecewa, ta riƙe gefen teburi. Sai da ta yi mai isarta ta share ido da tawul. Sannan ta maka masa tawul ɗin a ƙirji, da gaske.

"Wannan na muryar ne. Kana da irin wannan ka ɓoye min? Da na bar duniya ban ji ta ba fa? Kuma yau ɗin nan za ka kira 'yar Pruitt, bawan Allah, ka faɗa mata irin uban da ta yi."

"Zan kira." Sannan ya tambayi abin da ke cinsa tun jiya. "Da kin san haka nake, da kin aure ni?"

Nadine ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ruwa yana jiƙa kaya.

"Kai tsohon nan, wa kake tsammani nake zaune da shi? Mutumin da ke kama gizo-gizo a kofi ya kai shi waje? Wanda in mun je yawon wasa, kwana uku ya fara tambaya ko an ba kaji ruwa? Labarin kujera na yarda da shi, ban musa ba, na ɗauka ranar aljanu ne suka hau ka. Amma yaron can na cikin tef, shi na aura. Ɗan tawayen nan kuwa haƙuri kawai nake yi da shi, don na ga kana sonsa."

 Royce ya ji idonsa yana cika, yana ɗan shekara saba'in, a tsakiyar kicin, da rana tsaka.

"Ga yaron nan kuwa," in ji Nadine. Ta ɗauki tawul ɗin daga ƙasa ta miƙa masa.

Da ya gama, ya leƙa falo. Corinne tana zaune a takure, ta ƙura wa bango ido kamar ba ta ji komai ba.

"Madam Vasek, kada ki yanke ko tari. Sai dai wurin majinar nan, ko za a ɗan rage."

"A bar shi!" Nadine ta ɗaga murya daga kicin. "Mayar da tef ɗin farko, Corinne. Fushi ya hana ni jin baitin nan da kyau."