Littafin Da Gara Ta Cinye Ƙarshensa

…kuma ba zai cire ba. Wallahi ba zai cire ba, ko da zuciyar ta baki za ta fito. Abin sauraren nan da 'yarsa Auta ta maƙala masa a kunne kafin ta tafi aiki yana nan daram, muryar mai karatun na zuba a hankali, ita ko a jikinta. Babi na ashirin. Saura ɗaya, in dai lissafin yarinyar daidai ne. Kwana huɗu ke nan yana zaune a kujerar nan ta bakin taga, rana na gasa masa gwiwa, wani mutumin da bai taɓa gani ba yana karanta masa littafin da aka rubuta tun ba a haifi kakansa ba. Hantsi ne fa. Ana jin mai facin taya na buga ƙarfe a ƙasan bene. Shi kuwa ga shi, gashin hannunsa duk ya miƙe.

Babban yatsansa na motsi a kan cinya, yana laluben gefen takarda. Banza! Babu takarda, Mai Ɗinki, waya ce, santsi kamar madubi, kuma Auta ta kulle ta. Shekara arba'in da ɗaya yana ɗinkin littattafai, yatsan nan ya san aikinsa: ka kifa littafin, ka kama bangon baya, ka ƙirgo shafuka daga ƙarshe. Haka maigidansa ya koya masa, wai ta baya takarda ke fara zubewa. To mutum na ƙirga, ido zai runtse ne? Ido ya leƙa mana. Wane ya mutu, wance ta gudu, ɓarawon ashe ɗan gida ne… sai ya koma shafin farko hankali kwance, ya karance tas, babu faɗuwar gaba. Marigayiya matarsa tana miƙo masa shayi tana dariya — Malam, kai ai ba karatu kake ba, leƙe kake. Ya ce mata ladan sana'a ne. Allah Ya ji ƙanta, bakin matar nan!

Tsaya. Me mai karatun ya ce? Likitan ya sauko… ya sauko ɗakin cin abinci…

Littafi ɗaya ne ya gagare shi duk zamansa a shago, wannan ne. Wata malamar makaranta ta kawo shi gyara cikin leda, baƙin bango, gara ta cinye bayan kakaf, daga babi na sha takwas sai gari. Ba ta ma dawo ta karɓa ba. Ya buɗe da rana tsaka, tukunyar gam na kan wuta: wani matashin likita ya gaji gidan kawunsa, da sharaɗi guda, kullum in zai ci abinci ya ajiye faranti na biyu, kada kuma ya tambayi na wa ne. Gari na wayewa farantin wayam. Babi na uku likita ya yi taurin kai, ya ƙi ajiyewa. Nan yatsa ya zarce baya — babu baya! Ya rufe littafin, ya ɗora masa dutsen danne takarda, gam ya ƙone a tukunya. Shekara ashirin da shida littafin yana kan kanta ta sama, in ya zo share ƙura sai ya tsallake shi. Ƙato da shi, uban 'ya'ya biyar.

Ita kuma ja'irar nan Auta ta sani, tun tana ƙarama take jin uwarta na yi masa tsiya a kai. Wata takwas da idon ya tafi, hawan jinin ido in ji likita, an makara. Ya ce mata ni da karatu mun yi sallama, Auta, saurare aikin mai gyangyaɗi ne a gindin rediyo, kada ki raina mini hankali. Ta ce Baba, gwada ɗaya tak, in bai kama ka ba ba zan ƙara magana ba. Shi ne ta zaɓo wannan. Wannan! Ranar farko ya roƙe ta, ɗan matsa min zuwa ƙarshe na ji layi biyu kawai. Ta ce Baba, ka yi haƙuri, ta ɗauki jakarta. Halin uwarta sak.

Zai iya cirewa fa. Yatsu biyu, ya zare, shi ke nan, sai ƙarar ƙarfen mai faci. Wa zai sani? Da yamma ya ce mata ya gama, da daɗi, madalla. Sannan ya koma zaman da yake yi, hannu a cinya, yana jiran a kawo abinci, a kwashe kwano, a ce Baba ka sha magani. A'a. A'a! Ka karanta, ɗan nan, ka karanta, ina jin ka.

Likitan na zaune. Faranti biyu. Tsohuwar nan mai aikin gidan tana tsaye bayansa da ludayi kamar kullum, tun babi na ɗaya ita ke zuba masa miya, ita ke ce masa ranka ya daɗe ka ci da zafinsa. Baƙo ya shigo, lauyan kawun… ya gaishe da likita… bai gaishe ta ba. Rashin kunya! Dattijuwa tsaye, ka wuce ta kamar — kamar…

Tsaya, tsaya. Mai keken doki ya gaishe ta a babi na biyar? Bai gaishe ta ba. Yarinyar da ta kawo wasiƙa fa? Ta gefenta ta bi. Wa ya taɓa yi mata magana banda likita? Wa?

Innalillahi.

Kawunka bai taɓa ɗaukar mai aiki ba, in ji lauyan, muryar mai karatun ko rawa ba ta yi. Kujera ta ja baya a hankali. An ajiye ludayi.

Ihu ya yi? Ya yi ihu, ga maƙogwaronsa na zafi, mai facin ma ya tsaya da bugu. Ya daki hannun kujera. An ci shi! An ci shi da yaƙi, an zagaye shi, babi ashirin matar nan na tsaye a gabansa yana gaishe ta a ransa! Dariya ce ke fita ko kuka, shi ma bai sani ba, fuskar dai a jiƙe take. Ya gan ta, wallahi ya gan ta, har tabon miyan da ke gaban rigarta, har yatsunta a kan farantin. Da wane ido? Oho! Shi dai ya gani. Wa ya ce ya yi sallama da karatu? Wane maƙaryacin? Ku zo ku gani, makaho ya karanta littafi, daga bangon gaba zuwa na baya, bai tsallake layi ɗaya ba, bai gudu ba. Daɗi ne ke kashe shi, tsoro da daɗi a haɗe, bai taɓa sanin tare suke zuwa ba.

Babin ƙarshe gajere ne. Likita ya ɗauki cokali. Muryar ta yi shiru, sai wani ɗan tsit a kunne.

Ashe haka ake ji. Haka malamar nan ta ji, haka 'yan makarantar da ke kawo masa littattafai duk gefe ya yi baƙi da yatsu suka ji, kowannensu, kowane littafi… shi yana ɗinke musu yana ganin ya fi su wayo. Littattafai dubu nawa suka bi ta hannunsa? Uku? Huɗu? Yana da ido garau a lokacin, ko tabarau babu.

Auta sai biyar take tasowa. Zai ce ta sa wani, yau ɗin nan, kafin ta cire takalmi. Wanne? Na matuƙin jirgin ruwa — a'a, ya nutse. Na 'yan'uwan nan biyu — ƙaramin ne ya sa guba. Na matar da ke bene… na sojan… ya sani, ya sani, wannan ma ya sani. Yana bin kantocin shagon a ka, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa har sama, rigar ta manne da baya. Dole akwai ɗaya. Shekara saba'in, a ce babu ko ɗaya da ya bari bai leƙa ƙarshensa ba?