Igiyar Tawi

Saulo ya fito daga ruwa da dariyarsa kamar kullum. Aka cire masa kwalkwalin tagulla, ya zazzage jakar kwanson lu'ulu'u a kan katakon jirgi, ya miƙa hannu a ba shi taba.

"Tawi, yau barci kake yi a kan igiyar nan?" ya ce wa Napau. "Na ja, na ja, sai ka ce da kututture nake magana."

Napau ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tun da ya auri Ketura, ƙanwar Saulo, bakinsa bai ƙara furta sunan mutumin nan ba. Wan matarsa ne, tawinsa, kamar yadda miji da wan mata ke kiran juna a tsibirinsu na Badu, inda ba a kiran tawi da suna, ba a ce masa a'a. In ya nemi wuƙarka ka ba shi, in ya nemi kwalekwalenka ka haɗa masa da filafili. Don haka ma Saulo ya zaɓe shi ya riƙe masa igiya in ya nutsa, wai wanda ba ya iya musa maka shi ya fi dacewa ka damƙa wa ranka.

Tabar ba ta ci rabi ba ta suɓuce daga yatsun Saulo. Ya dubi ƙafafunsa, ya mintsini cinyarsa, sannan ya ɗago ido ga Aniba, tsohon da ke shugabantar jirgin.

"Kawu, ƙafafun nan ba nawa ba ne."

Ba wanda ya tambayi dalili. Saulo ya yi nisa a ramin teku na kusa da tsibirin Erub, ruwa ya juya, ya hawo da gaggawa. Ciwon zurfi ne, kuma zuwa asibitin tsibirin Waiben tafiyar kwanaki ce. Magani ɗaya suka sani: a mayar da mutum inda ya ɗauko ciwon, a rataye shi a can, a riƙa ɗago shi kaɗan-kaɗan, ko da za a wuni ana yi.

Aniba ya ja Napau gefe. "Ka buɗe kunnenka. Sanyi zai ci shi, zai roƙe ka ka fito da shi. In ka biye masa kafin lokaci, da jan gindi zai ƙare rayuwarsa. Na san tsakaninku. In ba za ka iya ba, ba ni igiyar."

"Ba mai riƙe ni sai tawi," Saulo ya ce daga inda yake kwance. "Ku tsofaffin nan hannunku rawa yake yi."

Aka mayar masa da kwalkwali, aka ɗaure shi a zaune, aka zura shi cikin teku. Injin iska ya ci gaba da tari, tiyo yana bin igiya zuwa ƙasa.

Da fari shiru. Rana ta take tsaka, mai dafuwa ya kawo shinkafa da kwakwa, Napau ko kallonta bai yi ba. Ya ɗago igiyar kamu ɗaya da Aniba ya yi masa alama, ya sake tsayawa. Can sai igiya ta motsa a tafinsa, fizga a jere, irin wadda ko sabon shiga ya san ma'anarta: fito da ni.

Hannunsa ya fara ja kafin hankalinsa ya iso. Aniba ya yi gyaran murya. Napau ya tsaya, ya mayar da fizga guda, wadda ke nufin zauna inda kake. Kunya ta rufe shi har wuya. Bai taɓa hana mutumin nan ko ashana ba.

Saƙon ya sake zuwa, ya kuma sake zuwa, wani da ƙarfi har igiya ta ƙone masa fata, wani a hankali kamar mai neman alfarma. Na hankalin ya fi ciwo. Napau ya riƙa magana ƙasa-ƙasa da ruwa.

"Yi haƙuri, tawi. Ƙafafunka nake nema maka. Ka zage ni in ka fito."

Iska ta taso da yayyafi, jirgi ya kama tangaɗi. Wajen la'asar igiya ta yi shiru. Napau ya ja yana tambaya, ba amsa.

"Kawu, ya daina."

"Ya gaji ne. Wasu har barci suke yi a can."

"Ga kumfa tana fitowa," in ji mai dafuwa, don ya kwantar masa da rai.

 Amma Napau ya san kumfa ba shaida ba ce, inji ne ke hura ta.  In ya fizgo tawinsa yanzu alhali barci yake, ya kashe masa ƙafafu da hannunsa, wahalar wunin nan ta tashi a banza. In ya bar shi, bai san me yake bari ba. Ya dubi Aniba, tsohon ya kafe idonsa a kan ruwa. Haka suka ci gaba, kamu bayan kamu.

Rana ta yi ja lokacin da kwalkwalin ya ɓullo. Suka cicciɓo Saulo, suka kwance kwalkwalin. Fuskarsa a sake take, leɓɓansa sun yi toka.

"Tawi," Napau ya ce, yana girgiza kafaɗarsa. "Tawi, an gama."

Ya durƙusa, ya kai baki kusa da kunnensa.

"Saulo."

Mutanen jirgin suka kawar da kai. Ba wanda ya tsawata masa. Aniba ya tuɓe rigarsa ya rufe fuskar, ya ce a ɗaga anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi.

A Badu ba ɗan'uwa ke kai labarin mutuwa gida ba, aikin suruki ne. Napau ya zauna a goshin jirgi da tafinsa a saɓule, suka nufi gida. Shi zai tsaya a ƙofar surukarsa ya faɗa. Ya kuma san abin da Ketura za ta fara tambayarsa: ko wanta ya nemi wani abu kafin ya cika.