Ƙarfen da Auta Bai Saka Ba

Sana'ata kai ƙwai shaguna. Tun ina saurayi nake yinta a kan keke, in ɗaure kiret a baya in bi layi-layi, har gwiwoyina suka fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Babbar 'yata, wadda ke aiki a kantin magani, ta gaji da jin nishina ta ce, "Baba, ko ka bar aikin nan, ko mu sa wa keken inji." Na ce barin aiki kam sai ranar da aka ɗauke ni. Ta yi dariya, ta ja ni shagon masu sayar da kayan.

Injin a cikin tayar gaba yake, kamar 'yar tukunya a tsakiyarta. Bayan mai shagon ya haɗa mana taya da batir da wayoyi, sai ya miƙo min wata leda mai ƙarafa biyu a ciki, kowanne kamar mabuɗin kwalba.

"Baba, waɗannan kada a manta da su," in ji shi. "Duk sanda ka murɗa totur, injin na tura taya gaba, ƙarfen tsakiyarta kuma yana son juyawa baya. Fok ɗinka, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar, ba zai iya da shi shi kaɗai ba. A hankali bakinsa zai buɗe, wata rana taya ta yi gabanta ta bar ka. A zura waɗannan a ƙarfen tsakiya, a ɗaure su a jikin fok."

Na ce kada ya damu, muna da makaniki a gida.

Auta nake nufi, ƙanina, ciki ɗaya. Yana rarrafe mahaifinmu ya rasu, a hannuna ya tashi. Ni na kai shi koyon gyaran keke, ni na riƙe masa tsani ranar da ya kafa allon shagonsa. Na kai masa kayan, na maimaita masa maganar mai shago kamar karatu. Da na dawo ɗaukar keken na leƙa gefen taya, sai na ga robobi baƙaƙe sun rufe notin.

"Ƙarafan nan fa?"

"Suna ciki, Yaya, roba ce ta rufe su. Haba, ni zan ɗora ka a kan mutuwa?"

Har kunya na ji da na tambaya.

Na ji daɗin keken nan, ba zan ɓoye ba. Hawan da nake sauka in tura, sai ga ni ina wuce shi ina ɗaga wa mutane hannu. Matata ta ce na koma yaro.

Wata safiya na sauke kaya a wani shago, na hau, na murɗa totur zan haye ɗan tudun da aka yi don rage gudu. Na ji ƙas, sai na ga tayata a gabana tana tafiya ita kaɗai. Abin da na sani ke nan. Da na farfaɗo, bakina cike da jini, ƙwai na bin kwalta har cikin kwata, wata mata na ta salati a kaina. Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙora na gaba sun tafi.

A asibiti dangi suka cika ɗakin. Leɓena a ɗinke yake, ba na iya magana, amma kunnena ras. Ina ji 'yata ta tambayi Auta, "Baffa, me ya faru da tayar?"

Bai ko yi jim ba. "Lodi ne. Na sha gaya wa Yaya ya rage kaya, ba ya ji. Ga gudu. Ƙarfe ma yana da iyaka, ƙarafan ɓallewa suka yi. Gaskiya shekarunsa sun wuce hawa irin wannan."

Bai taɓa gaya min haka ba, ko sau ɗaya. Amma na ce a raina wataƙila ruɗewa ce. Har na fara zargin kaina. 'Yata ta yi ta kuka, wai ita ta sayo abin da ya kusa kashe ubanta. Aka yanke ba da ni ba cewa na gama kai ƙwai. Shagunan da nake kai wa suka koma hannun wani.

Da kafaɗar ta haɗe, zaman gida ya ishe ni, na taka zuwa shagon Auta in ga gawar kekena. Ya fita sayen kaya, sai na ja benci na zauna. Keken na jingine a lungu. Bakin fok ya wage kamar an sa hannu an yage shi. Na shafa jikinsa inda ya kamata a ce an ɗaure ƙarafan. Fenti sumul, ko ƙwarzane babu. Na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan wani gwangwani a kan kanta, cike da tsofaffin notina. A samansa ledar ƙarafan nan take, ko buɗe ta ba a gama yi ba.

Tana hannuna ya shigo.

"Auta, mene ne wannan?"

Ya tsaya da leda a nasa hannun, ya kalli ƙofa, ya kalle ni. "Yaya, ba su shiga ba ne. Sai an goge ramin da magogi, ni kuma ranar aiki ya yi min yawa. Na ɗaure notin sosai, wallahi na ɗauka zai riƙe."

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wannan na yarda. Amma a asibiti fa? Ina kwance bakina a ɗinke ka shafa min kashin kaji a gaban 'ya'yana?"

Na jira ya ce in yafe masa. Da ya faɗa, da a nan ta ƙare. Sai ya matso ya rage murya.

"Don Allah kada maganar nan ta fita. In aka ji, shagon nan ya mutu."

A nan ne abin ya soke ni fiye da kwalta. Na tambaye shi mutum nawa ya haɗa wa inji bayan nawa, tunda ganin kekena ya jawo masa masu so. Ya juya ya fara zube kayan da ya sayo a kan kanta.

"Su ma ba ka saka musu ba?"

"Ai nasu bai yi komai ba."

Na ba shi zuwa ƙarshen mako ya kira su ya gyara. Bai kira kowa ba. Don haka na bi su da kaina, na san su duka: mai kai burodi, da wani malamin makaranta da ke goya 'yarsa a baya kullum, da mai gyaran famfo. Na ce kowa ya cire robar ya duba. Na malamin har noti ya fara sassautawa, da yatsa ya juya shi. Ya kalli yarinyar, ya tura keken a ƙasa har gida.

Kafin wata ya ƙare magana ta zaga unguwa, shagon Auta ya koma sai masu neman facin taya. Yayarmu ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba.

"Ka kyauta! Ɗan'uwa rabin jiki, amma kai ka tona masa asiri a titi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ai ba ka mutu ba!"

Na buɗe baki na nuna mata giɓin. Ta kau da kai ta ce haƙori ai ana sakawa.

'Yata ce kawai ta tsaya min. Ta kai keken wurin mai shagon da ya sayar mana da injin, aka sa sabon fok mai kauri, aka goge ramukan, aka ɗaure ƙarafan a kan idonmu. Na koma aiki da 'yan shagunan da suka yarda su dawo min. Da aka yi bikin ɗan yayarmu, a bakin maƙwabta na ji. Matata ta ce mu je ko ba a gayyace mu ba, zumunci ya fi ƙarfin fushi. Na ce ta je ta gaishe su, ni ina da kaya da zan kai.