Ɗigo Bakwai na Shunayya

…kuma wai ni za a ce wa in huta. Ni! Shekara ashirin da uku ina yi wa 'ya'yan mutane kek ɗin aure, sai da aka zo kan na 'yata, autata guda, za a ce a ba wata ta yi? "Mama, idonki fa, likita ya ce yanar ido ta fara." To ya ce ɗin. Likita ya taɓa riƙe wuƙar shafi? Gobe ɗaurin aure, gobe za ku gani, ke da yayyenki masu raɗa a bayana.

Hawa uku, ga shi tsaye ƙyam, shafin farko ya sha sanyin firiji tun safe. Kwano huɗu na kirim ɗin bota: shuɗi, ruwan hoda, ruwan toka ɗan kaɗan, sai fari. Sararin sama bayan an ɗauke ruwa, haka kika ce kina so, Auta. Kin ma manta kin faɗa — kina aji uku, haɓarki a kan wannan teburin, kina lasar cokali kina zaton ban gani ba. Ni ban manta ba.

Shuɗi daga ƙasa. Dangwala nan, dangwala can, hoda a tsakani… juya faranti, ja wuƙa sau ɗaya. Sau biyu. Tsaya nan! Ja na uku shi ke kashe aiki, launuka su cakuɗe su koma ruwan wanki. Yaran yanzu ba su san tsayawa ba, su yi ta gogawa kamar masu wanke tukunya. Ina yarinya, Baba yana kan tsani, fenti har a gemu, ni ina ƙasa riƙe da bokiti: "Bar su su gaisa kawai, 'yar nan, kar ki haɗa su kokawa." Allah ya jiƙan Baba. Duba yadda hodar nan ta shige cikin shuɗin, ba ka ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Hannun nan bai tsufa ba, wallahi daɗi nake ji.

Saura fari, na hawan sama, gajimaren. Bota dai ba fara ba ce, rawaya-rawaya take, kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba — ɗigon shunayya a bakin tsinke, ɗaya tak, ya kashe rawayar. Ɗaya. Juya… har yanzu da saura. Botar bana sai a hankali, ko me suke ba shanun oho. Biyu. Uku. Kai, wannan bota da taurin kai take, amma ta gamu da wadda ta fi ta. Biyar, shida… bakwai. Yauwa! Fari fat. Shafa, juya, ja, ja, ɗaga wuƙa. An gama. A zo a ce ido.

Hayaniyar me kuma a falo? Au, tela ce ta kawo rigar. Sun rataye ta a jikin ƙofa, daga nan ina hango ta. Ni da Auta muka zaɓo yadin nan, fari ne har yana ɗaukar ido, mai shagon ma cewa ya yi kar a bar shi kusa da yara. To me ya sa ya yi haka, kamar tsohon labule? Tela ta ƙona shi da guga ne? Ba wanda ya yi magana, sai "kai, fari tas!" suke ta yi, har da tafi.

Sukarin cikin buhu — rawaya-rawaya. Ƙofar firiji. Kwanon da na saya jiya, sabo dal. Hular kaina a madubin taga… duk ɗaya. A ɗakin nan kaf abu guda ne fari, shi ne wanda na zuba wa ɗigo bakwai.

Ashe rawayar ba a botar take ba, a idona take.

To wane launi ne a saman kek ɗinki, Auta? Ina jin dariyarki ta bangon nan, taku biyar ne tsakaninmu. In kira ki ki duba mini… in ce miki me? Wuƙar tana hannuna, kirim na tsiyaya a gefenta.