Shukar Aro

Tun daga bakin hanya Isyaku ya jiyo ƙarar sara. Ya saki kurar da yake turawa, ya sheƙa da gudu. Kafin ya iso, leburori biyu sun kwantar da layi guda na bini-da-zugunsa, 'ya'yan ko nuna ba su yi ba. Alhaji Ɗahiru na tsaye jikin motarsa, ya saɓa hannun babbar riga a kafaɗa.

"Kai! Ku dakata! Uban wa ya sa ku?"

"Ni na sa su," in ji Alhaji. "Filin mahaifina ne, ko ka manta?"

Mantawa? Wallahi Isyaku bai manta komai ba. Shekarar da fari ya koro shi daga ƙauye zuwa unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, wurin nan ba fili ba ne. Rami ne da magina suka kwashe ƙasarsa, ruwa ya mai da shi kwazazzabo. Da ya roƙi aronsa, dariya marigayi Malam Shehu, uban Alhaji, ya yi: "Ɗauka mana, ko akuya ba ta tsayawa a nan." Shi Isyakun ya yi ta jidar shara da taki, ya daddasa sandunan bini-da-zugu a bakin kwarin, saiwa ta kama ƙasa har ruwa ya daina zaizaya. Da kananzir ya yi wuya a gari, mutane na wuni a layi, matarsa Lami ta shiga daka 'ya'yan itacen, ta tafasa, ta kwashe mai. Da man nan masu shayi da masu tsire suke kunna aci-balbal. Da kuɗinsa kuma gidan Isyaku yake ɗora tukunya.

"Alhaji, Malam ne ya ba ni aro, a gaban mai unguwa!"

"Aron noma ya ba ka. Gero, wake, abin da za a girbe a tashi. Wa ya ce ka dasa itace? Kai da ka taso a ƙauye ka fi ni sani, mai aro ba ya dasa bishiya. In na ƙyale yau, gobe 'ya'yanka su nuna ta su ce filin ubansu ne."

Abin haushin, al'adar haka take, kuma Isyaku ya sani. Amma don Allah wane gero ne zai tsaya a cikin kwazazzabo? Isyaku ya ɗaga murya.

"Da yake rami kana ina? Ko leƙe ka taɓa yi? Sai da ƙasa ta zauna, titi ya iso, sannan ka tuna da gado? Allah ya isa, Alhaji! Allah ya isa!"

"Ka iya bakinka. Bulo zan sauke a nan."

Isyaku ya fizge adda daga hannun leburan da ke kusa. Nan take Alhaji ya faɗa mota ya ja ƙofa, har hularsa ta faɗi ƙasa. Isyaku ya tsaya a kan hular yana huci. Can sai ya juya, ya durƙusa kan rassan da aka sare, ya shiga daddatsa su tsawon kamu guda-guda.

"Ku kuma in za ku sara, ku sara da kyau," ya daka wa leburorin tsawa. "Kada ku farfasa min su!"

Yana cikin loda sandunan a kura Lami ta iso, mayafi a hannu, labari ya riga ya kai mata. Ta dubi 'ya'yan da aka tattake, man bana ke nan ya tafi. Hawaye ya zubo mata.

"Malam, me za mu ci? Kuma ina za ka da kirare?"

Isyaku ya gama lodi. Ya tura kura, ta bi shi a baya, suka miƙa Tarauni cikin rana. A bayan gidajen ƙarshe ya tsaya a bakin wani rami da ya fi na farko muni, cike da fasassun tukwane, ga mushen jaki. Ya zaro sanda guda, ya tona da adda, ya kafa ta, ya take da diddige.

Lami ta toshe hanci da mayafi. "Wannan ramin kuma na wane ne?"

Isyaku ya share gumi, ya miƙa hannu ya zaro wata sandar.

"Yanzu dai ba na kowa ba ne," ya ce. "Sai na gyara."