Sai Baba Ya Ga Fuskarta

A gidan Ɗanmalam da ke Garwa ba a raɗa wa jariri suna sai tsohon ya ga fuskarsa. Haka ya tarar mahaifinsa yana yi, kuma duk jikokinsa haka aka yi musu. To ga shi matar ɗansa Ilyasu ta sauka a can Gabon, inda yake sayar da yadi, ƙafar tsohon kuwa yanzu ko masallacin unguwa ba ta kai shi. Sai aka shirya cewa ranar suna da safe za a nuna masa jaririyar ta kwamfuta, ya duba, ya faɗi suna, sannan a yanka rago a can.

Aikin ya faɗo kan Ramatu, 'yarsa mai kula da shi. Ita fa Ramatu ba ta ganin abu ta bar shi bai sha wanki ba. Jajiberin suna ta share tsakar gida, ta wanke labule, har butoci ta goge, kai ka ce a nan za a yi taron. Da ta zo kan kwamfutar sai ta ce ai ba za a nuna 'yar mutane cikin ƙazanta ba. Ta kunna antibiris, maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta, duk abin da ya nuno da ja ta danna a kawar da shi.

Gari ya waye, aka kishingiɗar da Baba a kan darduma, ta soka kle, 'yar na'urar da ke kawo intanet, a gefen kwamfuta. Shiru. Ta zare, ta hura, ta mayar. Ta fita da kwamfutar gindin mangwaro ko rezo, wato sabis, ne ya yi rauni. Ko gezau.

Ilyasu ya bugo waya, muryarsa a sama. Ya ce malamai sun zauna, wuƙa ta sha washi, liman kuma yana da wani sunan a wata unguwa. Baba ya faɗa ta waya mana, in ba haka ba dole shi ya zaɓa da kansa.

"Ban gan ta ba," in ji tsohon. "Wa zan kira?"

Ya juyar da kai bango. Ramatu ta san irin jikin da Baba yake ciki, wataƙila wannan ce jikar ƙarshe da zai sa wa suna.

Ta kira Geneviève, ƙawarta tun firamare, mai shagon intanet a bakin kasuwa. Ashe ranar tana can garin Pitowa, hayaniyar kasuwa sai tashi take a bayanta. Geneviève ta tambaye ta me ta taɓa. Ramatu ta rantse ba ta taɓa komai ba, wankewa kawai ta yi. Dariyar da Geneviève ta sheƙe da ita har Baba sai da ya ji. Ta ce manhajar kle ɗin da kanta take buɗewa ba sallama, shi ya sa antibiris ya ɗauke ta ɓarauniya. Amma ta kwantar da hankalinta, bai kashe ta ba, kulle ta ya yi a wani wuri da ake kira karantin.

Ramatu ta lalubo wurin, tana karanto Faransanci, Geneviève tana cewa ba wannan ba, sauka ƙasa. Ramatu ta gano manhajar mai ɗauke da sunan kle ɗin, ta sake ta, ta kashe kwamfuta ta kunna. Tsohuwar kwamfutar ta tashi a nata lokacin, sai ka ce ba ita ake jira ba. Can sai fitilar kle ta tsaya shuɗiya.

Fuskar Ilyasu ce ta fara fitowa, duk gumi. Ya matsa, aka ɗago jaririyar cikin farin zane, ido a rufe, baki na motsi. Ramatu ta tallafo kan Baba ta matso masa da kwamfutar.

Baba ya ƙura wa jaririyar ido. Kallon ya yi tsawo har ta ɗauka rezo ne ya sake tsinkewa, ta kai hannu za ta gyara kle. Ya riƙe hannun nata. Sai a lokacin ta ga hawaye na bin gemunsa.

"Bar ni in ƙara kallonta," ya ce.

Can a Gabon ma kowa ya tsaya yana jira, har liman mai sauri. Tsohon ya kai bakinsa kusa da gilashin, ya yi bisimilla, ya ce, "Rabi'atu. Allah ya raya mini ke."